Bana Ba Ta Nama

Zuwa ga matar ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar maigida da ke kumbura saboda tsayuwa a rumfa. Ƙanena ya kira daga wurin aikinsa, yana nan ƙalau. 'Yarki Tsuntsuwa kuwa har ta fi lafiya.

Tunda kika kashe min waya a kunne na rantse ba zan ƙara ɗaga kiranki ba. In kina da magana ki rubuta ki ba direban nan mai zuwa wajenku, ai rubutu ne sana'arku. Amma sai kin ji ƙarashen maganar da kika katse.

Na sa wa yarinya waya a kunne don ta gaishe ki. Ta yi magana, kika hau murna wai ta ce Mama. Ni kuma ba na ƙarya don a ji daɗi, na gaya miki nama ta ce, don a lokacin tana miƙo hannu ga farantina. Ina laifina a nan?

Ranar da kika kawo min ita za ki tafi karatun nan naki, kin bar min jakar kayanta da kwalbar maganin ɗigo da takarda. Takardar tana nan a ajiye. Layin farko, da hannunki, kin rubuta: “Bana ba ta nama.” Na karanta na ce alhamdu lillahi, Allah ya shirya matar ƙanena. Ta gane cewa ita in ta ga dama ta zama akuya, amma 'yar mutane ba za ta bi ta kiwo ba. An ce bana, ni kuma ban jira baɗi ba. Na fara mata da romo, na koma hanta, yanzu har tsoka take tsotsa. Ki zo ki ga kumatu.

Kin kawo yarinya gidan mahauci, sannan kina mamakin ta san nama. Wanda ya kai ɗansa bakin rafi ba ya tambayar wa ya jiƙa shi.

Yayar mijinki.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, da tabon mai a gefenta, don haka na san a rumfa aka rubuta ta. Ina lafiya. A yi wa maigidanki sannu da ƙafa, ya riƙa ɗora ta a kan kujera idan ciniki ya lafa.

Abin da na rubuta shi ne “Ba na ba ta nama.” A kan gwiwata na rubuta, mota na jira, Tsuntsuwa na jan mayafina, sai “ba” ta jingina da “na”. Na yarda alƙalamina ya yi tuntuɓe. Ke kuwa ba tuntuɓe kika yi ba, Yaya. Rami kika hango, kika ja da baya, kika yi gudu kika faɗa ciki kina murna. Tun zuwana gidanku kike kallon farantina kamar an yi rasuwa a cikinsa, har kin taɓa tambayata a gaban baƙi ko ciyawar ta ji gishiri. A ce ke ce kika gaskata cewa na tuba a ranar tafiyata, a layi ɗaya, ba tare da na ce uffan ba? Kuma da umarni nake ba ki, da “ki ba ta” zan rubuta. Ban taɓa jefa wa babba magana gundul haka ba.

Da kin sauka zuwa layi na biyu, da kin ga ba kiwo na tura ta ba. Wake ne a dafa shi ya yi lugub a murje. Ƙwai. Niƙaƙƙiyar gyaɗa. Alayyafo. Ɗan lemo bayan cin abinci, saboda yana taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake, wanda shi ke gina jini. Madara ba laifi. Sai maganin ɗigon nan kullum, shi ne mai cike giɓin abin da nama ke bayarwa. A kan wannan na yaye ta, a kan wannan ta miƙe ta yi tafiya, kuma likitar yara ta auna ta kafin in taho ta ce ba ta da abin cewa. Kumatun da kike gayyatata in zo in gani, da su na kawo ta.

Ban ce nama guba ba ne, ban kuma ce sana'ar gidanku abin kunya ce ba. Ni dai tun ranar da makaranta ta kai mu mayanka na ga yadda dabbar baya ke kallon ta gaba, ban ƙara iya haɗiye shi ba. 'Yata ce, ni zan zaɓa mata har ta yi bakin zaɓa da kanta. Ranar da ta girma ta ce tana so, ga rumfarku nan, na san ba za ku karɓi kuɗinta ba.

Kin ce ni akuya ce. To, kuskurena ɗaya ne, na ba kura ajiyar 'yar akuya.

Yanzu ga shi na rubuta da manyan baƙaƙe, kowace kalma da filinta kamar gidan mai kuɗi: KADA KI BA TA NAMA.

Matar ƙanenki.

*

Zuwa ga matar ƙanena,

Sallama irin ta addini. Muna lafiya. Ƙafar maigida ta sabe, ba don shawararki ba.

Na ga manyan baƙaƙenki, ko makaho ya gani. Na daina. Kada gobe a ce na ƙwace wa 'yar boko 'ya da hanta.

Sai dai ina so ki san abin da kika saya. Da safe nakan goya ta mu tafi rumfa, don ba ni da mai aiki, ni ce mai aikinki. Ina ajiye ta a kan tabarma bayan teburin awo. Sama da kanta cinyoyi ne rataye a ƙugiya, gabanta maigida na sara a kan kututture, ƙamshin gashi na tasowa daga rumfar maƙwabci. Yarinya ta nuna da yatsa ta ce nama, ni kuma in buɗe roba in fito mata da murjajjen wake mai sanyi. Ta kalle ni, ta kalli waken, ta kife robar. Masu ciniki suna tambaya ko marainiya ce muke azabtarwa. Wata tsohuwa ta ce in ji tsoron Allah. Na ce mata ba ni ba ce, uwar ce ke da digiri.

Ƙwan ma ta ƙi, tunda ta san abin da ya fi shi. Da madara da shayi da burodi nake samun ta yi shiru. Kin ce madara ba laifi, to ga ta nan tana sha ba laifi.

Ƙanena ya ce karatun naki na wake ne, wai kina shuka shi a tukwane kina auna tsayinsa da abin awo. Madalla. Ke kina renon wake, ni ina renon 'yarki. Ni da na haifi shida na yaye su da hanta, ga su nan kowanne kamar ƙofar gari, yau ni ake koya wa ciyar da yaro ta hannun direba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau tukunyar wake ba zai gani ba.

Kuma zancen “ki ba ta”, wai ba kya jefa wa babba magana. Wadda ta kashe wa yayar mijinta waya ce ke da ladabin “ki”?

Takarda ta ƙare.

Yayar mijinki.

A bayan takarda: Maganin ɗigon nan ya sa kashinta ya koma baƙi ƙirin, har haƙoranta sun fara dafewa. Na tsorata na ajiye shi. In ci gaba ko in bari? Ki ba ni amsa a kan wannan.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, sai aiki. Na yi murna da ƙafar ta sabe, kuma ban nemi lada ba.

Na karanta takardarki a tsaye a ɗakin gwaji, tsakanin layukan tukwanen da suka tsaya miki a rai. Ɗaki ne mai rufin gilashi, zafi kamar cikin tanda, kowace tukunya da lambarta a wuya. Na kalle su da kyau na ga kin yi gaskiya a abu guda, ko ɗaya a cikinsu bai taɓa kife min roba ba. Amma kuma ba wanda ya zaunar da su ƙarƙashin cinyar sa ya ce su yi haƙuri.

Yaro ɗan shekara biyu da aka ɗanɗana wa hanta wata da watanni, aka janye rana ɗaya, aka ajiye shi inda ake gashi, sannan aka miƙa masa wake mai sanyi da fuskar ta'aziyya, ko ni ce sai na kife robar. Na san fuskar, Yaya, da ita kike miƙo min abinci. Yara ba sa karanta takarda, fuska suke karantawa. Ki ɗumama waken, ki sa masa ɗan mai, ki ci cokali ɗaya a gabanta ba tare da kin yamutsa baki ba. Na san na ƙarshen nan shi ne jihadin.

'Ya'yanki shida Allah ya raya su. Kamar ƙofar gari suke, na shaida, na taɓa ƙoƙarin wucewa ta gefen babban a zaurenku. Sai dai girman naki bai nuna cewa hanyar tawa ba ta kaiwa ba. Akwai al'ummu da yawa a duniya da ke tashin yara ba nama, kuma ba a kwashe su da tabarma a kan titi.

Ki gaishe min da tsohuwar da ta ce ki ji tsoron Allah. Shawara ce mai kyau ko da babu zancen wake.

Za mu tafi gonar gwaji ta makaranta, can bayan gari, har sai an yi girbi. Direba ba ya kaiwa can, waya ma sai an hau tudu. Idan kin ji shiru, ba fushi ba ne, ko da yake ba zan hana ki ɗauka haka ba. Ki sumbaci Tsuntsuwa, ki ce mata Mama. Da “ma” ake farawa.

Matar ƙanenki.

*

Ke,

Ba ni da gaisuwa. Wannan ce ta uku da na ba direba, biyu ya dawo min da su ya ce ɗakinki a kulle.

Muna asibiti. An kwantar da Tsuntsuwa.

Tun bayan tafiyarki gona ta fara yawan barci, na ce girma ne. Sai na kama ta tana kankare bangon rumfa tana cin ƙasar. Na buge hannun, ta koma. Tafin hannunta ya yi fari, in ta ɗan yi gudu sai ta tsuguna tana haki. Shekaranjiya ta miƙe daga tabarma ta zube a gaban teburin awo. Maigida ya ajiye wuƙa ya sungume ta, da rigar aikinsa muka shiga asibiti, mutane suna darewa sun ɗauka jininta ne a jikinsa. Ina ma tana da jinin da zai ɓata riga. Likita ta ja fatar idonta ƙasa, fari fat kamar takardar da kike rubuto min iya magana a kai. Ta ce jininta ya yi ƙasa sosai.

Kin amsa min kowane zagi layi bayan layi. Tsohuwar kasuwa ma kin ba ta amsa, ƙofar gari kin ba ta amsa. Tambaya ɗaya na yi miki da ta shafi ran 'yarki, ita ce ba ki gani ba. Ki nemo takardata ta baya, ki juya ta. Ku da kuke karanta littafi mai shafi dubu, juya takarda ɗaya ya gagare ki.

Na gaya wa ƙanena komai. Ya ce yarinya ba za ta bar hannuna ba sai ta isa shiga makaranta. Kuma da an sallame mu hanta zan ba ta, ki rubuto da baƙaƙen da suka fi gidanmu girma.

Yayar uban yarinya.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, tunda ɗazu na gaishe ki da baki kin amsa wa bango. Lafiyata ba ta da muhimmanci yau. Ina zaune a falonki, a kan kujerar nan mai gajeriyar ƙafa, ke kina uwar ɗaka da yarinya kin saki labule. Taku kaɗan ne tsakaninmu, amma kin rantse sai da takarda, to ga takarda. Na tsinci biro a kan talabijin.

Da na dawo daga gona direba ya ba ni takardarki ta asibiti, na nemo waccan ta baya na juya. Na gani. A tashar mota na juya ta, kuma abin da ya same ni a wurin ba na sayarwa ba ne, ba zan shimfiɗa miki shi a tebur ki auna ba. Abu ɗaya zan ce. Ke da kika ga kashin yaro ya yi baƙi kika tsorata, kina da waya a ƙugunki. Kika zaɓi bayan takarda, ƙarƙashin zagi, bayan kin rubuta “takarda ta ƙare”. Rantsuwarki ta fi miki tsada. Ni na ƙi juyawa, ke kin ƙi kira. Idan kina neman wadda ta fi laifi, ki ɗora mu a ma'aunin maigidanki, ni na gaji.

Daga tasha asibiti na wuce, na samu likitar da ta duba ta. Mace ce mai gajeren haƙuri, za ku shirya. Ta ce baƙin kashi aikin maganin ne, haka yake yi wa kowa, alama ce yana shiga. Ta ce madara mai yawa tana cika cikin yaro ta hana shi cin abin da zai gina masa jini, shayi kuma yana tare ɗan abin da ya samu. Na tambaye ta abin da ya kawo ni, ko rashin nama ne ya kayar da 'yata. Ta cire tabarau ta dube ni.

“Hajiya, ina da yara a nan da ba su taɓa cin nama ba, jininsu ya fi nawa. Ina da masu ci kullum, su ma lafiya. Kowace hanya tana kaiwa in mai dafa abincin ta san ta kuma ta yarda da ita. Taku an cire mata nama, an cire magani, waken yana ƙasa a kife. Me kuke so ta gina jini da shi, gardamarku?”

Na ce mata ni ce uwar. Ta ce, “To wace ce mai dafawa?”

Na karɓi takardar magani na fito ba gardama. Ki rubuta wannan a wani wuri, bai cika faruwa ba.

Har yanzu ina kan bakana, Yaya. Yaro na iya tashi lafiya ba nama, a hannuna ta tashi haka. Amma tsari ne mai son wanda zai tsaya a kansa kullum da zuciya ɗaya, ni kuma na bar shi a hannun wadda take ganinsa zalunci, na tafi ina aiko da umarni ta hannun direba.

Na zo da niyyar tafiya da ita. Ga jakar nan a bakin ƙofa, ke ma kin gan ta, shi ya sa kika ƙi zama. Na riga na nemi mai reno kusa da makaranta. Ƙanenki kuma, da kike cewa ya ba ki ita har ta shiga makaranta, na same shi a waya. Ya ce min duk yadda na yi daidai ne. Na tabbata ke ma abin da ya ce miki ke nan, kika ƙara masa gishiri. Mutum ne mai son zaman lafiya, musamman daga nesa.

Sai ga shi kin fito da ita ɗazu. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na tsuguna na buɗe hannu na kira ta. Ta dube ni irin duban da ake yi wa mai karanta mitar wuta, ba tsoro, ba sani. Ta zagaya bayanki ta kama zanenki da hannu biyu, ta ɗaga kai ta yi magana. Ban san ko Mama ta ce ko nama ba. Ke take kallo, kuma akwai kwano a hannunki. Wannan karon ban tambaya ba, ke ma ba ki fassara ba. Na lura da hakan.

Zan iya ɓamɓare yatsun nan daga zanenki, ƙanana ne. Sai in sa yarinyar da ta fito daga asibiti a doguwar mota tana kuka, in kai ta ɗakin da ba ta sani ba, in miƙa ta ga wata baƙuwar, in koma wurin tukwanena, don dai a ce na ci gardama. Na zauna a kujerar nan na auna, bai kai ba.

Sabuwar kwalbar magani tana kan firij. Kullum, ko kashin ya koma kalar gawayi. Ki ɗiga shi can cikin baki, ki goge mata haƙora bayan nan. Madara kofi biyu ta isa, shayi ki sha abinki. Idan wani abu ya ba ki tsoro ki kira ni. Kaffarar rantsuwar a wuyana.

Baɗi nake gamawa. Ranar da na gama zan zo, kuma kafin nan za ki riƙa ganina a falon nan duk ƙarshen wata har ta san fuskata, ko kin amsa gaisuwa ko ba ki amsa ba. Baɗi a gidana za ta kwana, daga tukunyata za ta ci. Kada ki ce ban faɗa da wuri ba.

Saura layi ɗaya. Ina zaune daram, ba mota ke jirana ba, ba mai jan mayafina. Na haɗe “ba” da “na” da gangan:

Bana ba ta nama.

Jakar na bar ta, akwai rigunan da na saya mata, wataƙila sun yi mata yawa yanzu. Ba zan ɗaga labule in yi sallama ba, na ji ta yi shiru, kada ta farka. Ƙofar falon nan taku ba ta kamawa sai an buga ta da ƙarfi. Idan kin ji ƙara, ni ce na fita. Layin nan kuwa, ki karanta shi yadda kika ga dama.

Uwar Tsuntsuwa.